Manyan Kawunan Jirgin Ƙasa Masu Aiki da Tururi: Tambayoyi da Amsoshi

Kan jirgin tururi na'ura ce da ake ganin kusan dukan aikinta a fili, amma kallo kaɗai ba ya bayyana dalilin da ya sa aka ƙera kowanne da irin siffarsa. Abubuwa uku ne suke yanke girman kan jirgi: faɗin wutar da za a iya hurawa, nauyin da dogo da gadoji za su iya ɗauka, da tsananin kwanonin hanya. Yawancin amsoshin da ke ƙasa kan waɗannan uku suke komawa.

Me ke motsa shi, wuta ko ruwa?

Wuta ce tushen ƙarfin, ruwa ɗan aike ne. A ƙarshen tukunya ta baya akwai murhu, wato akwatin ƙarfe ko na tagulla wanda ruwa ya kewaye ta gefe da ta sama. Kwal yana ci a kan ragar ƙarfe da ke ƙasan murhun, iska tana shigowa ta ƙarƙashin ragar, zafi kuma yana iya kai digiri 1,300 na ma'aunin Selsiyos ko fiye idan ana aiki sosai. Daga murhu, zazzafar iskar tana bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa tsawon tukunya a nutse cikin ruwa, har ta fito ɗakin hayaƙi a gaba. Kan jirgin Rocket na 1829 bututai 25 ne a cikinsa. Manyan na ƙarni na 20 suna da fiye da ɗari, wasu fiye da ɗari biyu.

Da yake tukunyar a rufe take, ruwan ba ya tafasa a digiri 100. A matsi na fam 250 a kan kowane inci murabba'i sai ya kai kusan digiri 208, a fam 300 kuwa kusan digiri 216. Ana ɗebo tururi daga tulluwar da ke saman tukunya, inda ya fi nisa da ruwa, ya bi ta totur, sannan a sake mayar da shi cikin wasu siraran bututai da aka zura cikin manyan bututan wuta domin ya ƙara zafi zuwa digiri 350 ko 400. Wannan dabara ta Wilhelm Schmidt ce, Bajamushe, wadda aka fara gwadawa a kawunan jirgin Furusiya a 1898. Amfaninta shi ne busasshen tururi ba ya komawa ruwa da zarar ya taɓa bangon silinda, don haka ana samun sauƙin kwal da ruwa sosai. Daga nan bawul yake raba tururin zuwa gaba da bayan fistan bi da bi, fistan ya tura sandar tuƙi, sandar ta juya babbar ƙafa, sandunan haɗi kuma su ja sauran ƙafafun tare.

Wannan ƙarar da yake yi a jere fa, daga ina take?

Tururin da ya gama aiki a silinda ba a zubar da shi haka kawai. Ana fesa shi ta wani matsattsen baki da ke cikin ɗakin hayaƙi, daidai ƙarƙashin bututun hayaƙi. Kowace fesawa tana zuƙe iskar ɗakin, sai iska ta shigo da ƙarfi ta ƙasan raga, wuta ta ƙara ci. Kenan gwargwadon aikin da kan jirgi yake yi, gwargwadon hurin da wutarsa take samu, ba tare da kowa ya sa hannu ba. Mai silinda biyu yana yin ƙara huɗu a kowane zagayen ƙafa, mai uku yana yin shida. Gogaggen direba da kunne yake gane bawul ya goce, domin ƙarar takan daina zuwa daidai wa daida.

Girman wannan baki babban ciniki ne. Idan ya matse da yawa, wuta takan ci sosai amma tururin yana tokare fistan ta baya, ƙarfi ya ragu, garwashi kuma ya riƙa tashi ta bututun hayaƙi. Idan ya yi faɗi, tukunya ba ta yin tururi. Injiniyan Faransa André Chapelon ya yi suna ne a kan gyaran wannan wuri da faɗaɗa hanyoyin tururi, har ya kusa ninka ƙarfin wasu tsofaffin kawuna ba tare da ya ƙara musu girma a zo a gani ba.

Me lambobi irin 4-6-2 ko 2-8-2 suke nufi?

Ƙirgen ƙafafu ne daga gaba zuwa baya, tsarin da Frederick Whyte ya kawo a 1900. Lamba ta farko ƙananan ƙafafun jagora ne, masu karkata kan jirgi ya shiga kwana a hankali. Ta tsakiya ƙafafun ja ne. Ta ƙarshe ƙananan ƙafafun baya ne, masu ɗaukar nauyin murhu. 4-6-2 ana ce masa Pacific, 2-8-2 Mikado, 4-6-4 Hudson, 2-8-4 Berkshire, 4-8-4 Northern. Idan lambobin huɗu ne, kamar 4-8-8-4, to injuna biyu ne a ƙarƙashin tukunya ɗaya.

Lambar ƙarshe ita mutane suka fi rainawa, alhali ita ce ta buɗe ƙofar girma. Muddin murhu yana tsakanin ƙafafun ja, faɗinsa ba zai wuce tazarar dogo ba. Da aka matsar da shi baya aka ɗora shi a kan ƙananan ƙafafu, sai ya samu damar faɗaɗa. A 1925 kamfanin Lima na Amurka ya fito da 2-8-4 mai ƙafafu huɗu a ƙarƙashin murhu, bisa zanen William Woodard, daga nan jiragen kaya suka fara haɗa nauyi da sauri.

Yaya ake bambanta na fasinja da na kaya?

A dubi ƙafafun ja. Na fasinja dogaye ne kuma 'yan kaɗan: Mallard na Ingila tsayin ƙafarsa mita 2.03 ne, guda shida. Na kaya gajeru ne masu yawa: samfurin 9F na Ingila ƙafafu goma ne masu mita 1.52. Irin waɗannan kawuna ba su da giya irin ta mota, don haka girman ƙafa shi ne giyarsu, kuma tun daga masana'anta aka zaɓa musu ita har abada. Doguwar ƙafa tana cin ƙasa mai yawa a zagaye ɗaya, fistan bai wahala ba, amma ja yana raguwa. Gajeriya tana ba da ja, sai dai a babban gudu sanduna sukan yi ta dukan dogo.

Na fasinja kuma kusan kullum ƙafafun jagora huɗu gare shi, saboda shiga kwana da gudu. Na kaya biyu sun ishe shi, a bar sauran nauyin a kan ƙafafun ja. Samfurin 4-8-4 shi ya fi dacewa da aikin biyu, shi ya sa Amurka da Kanada da Tarayyar Sobiyet da Afirka ta Kudu duk suka yi amfani da shi.

Yaya ake lissafa ƙarfin jansa?

Ga lissafin da ake yi wa mai silinda biyu: a ɗauki kashi 85 cikin ɗari na matsin tukunya, a ninka da faɗin silinda sau faɗin silinda, a ninka da tsawon tafiyar fistan, a raba da tsayin ƙafar ja. A gwada da Big Boy, wani ƙaton kan jirgi na Amurka: matsi fam 300, faɗin silinda inci 23.75, tafiyar fistan inci 32, ƙafa inci 68. Amsa ta kusa fam 67,690. Silindarsa huɗu ce, sai a ninka biyu, a samu fam 135,375, wato kimanin tan 61 na ja.

Amma wannan lamba ba ta da amfani idan ƙafa ba ta kama dogo ba. Ƙarfe a kan busasshen ƙarfe yana riƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na nauyin da ke danne shi. Shi ya sa ake son nauyin da ke kan ƙafafun ja ya ninka ƙarfin ja sau huɗu. Na Big Boy fam 540,000 ne. A raba da 135,375, huɗu ya fito kusan cif. Idan an gaza haka, ƙafafu sukan yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ruwan sama, raɓa, maiko ko ruɓaɓɓen ganye a kan dogo duk suna rage kamun, don haka kowane kan jirgi yake ɗauke da busasshen yashi da ake fesawa gaban ƙafafu.

Kada a haɗa ƙarfin ja da ƙarfin doki. Ƙarfin ja shi ke cewa jirgi zai tashi daga tsaye ko ba zai tashi ba. Ƙarfin doki shi ke cewa da wane sauri zai tafi da kayan, kuma wannan daga tukunya yake fitowa, ba daga silinda ba. Babbar silinda a kan ƙaramar tukunya, tashi ɗaya za ta yi numfashinta ya ƙare.

To me ya hana a yi ta ƙara ƙafafu a jere?

Kwana. Ƙafafun ja suna cikin firam ɗaya wanda ba ya lanƙwasa, kuma iya tsawonsa iya wahalar shigarsa kwana. Goma shi ne iyakar da aka saba. Union Pacific, kamfanin jiragen ƙasa na Amurka, ta yi nasara da sha biyu, samfurin 4-12-2 guda 88, domin hanyarta miƙaƙƙiya ce a filayen Nebraska da Wyoming. Tarayyar Sobiyet ta gwada sha huɗu a 1934, samfurin AA20, guda ɗaya tak: ya riƙa buɗa dogo a kwana yana sauka daga layi a mararraba, aka ajiye shi.

Mafita ita ce a raba ƙafafun gida biyu, kuma hanyoyi biyu ne suka yi fice.

Ta farko ta Anatole Mallet ce, ɗan Suwizalan, daga shekarun 1880. Rukunin baya a kafe yake da tukunya. Rukunin gaba yana da nasa firam mai maƙalli a bayansa, yana lilo hagu da dama a ƙarƙashin gaban tukunyar, nauyi yana sauka a kansa ta wani faranti mai zamewa. A ainihin tsarin Mallet ana amfani da tururi sau biyu: silindun baya su fara sha da babban matsi, ragowar ta wuce zuwa silindun gaba waɗanda suka fi girma. Akwai tattali a haka, sai dai manyan silindun gaba ba sa son gudu. Amurka ta karɓi tsarin a 1904, daga baya yawancin kamfanoninta suka koma ba wa silindu huɗun sabon tururi kai tsaye. Daga cikin kamfanonin, Norfolk and Western ce ta riƙe tsohon tsarin har ƙarshe a samfurinta na Y6b, don jan kwal a duwatsu.

Ta biyu ta Herbert Garratt ce, wadda kamfanin Beyer, Peacock na Mancesta ya fara ƙerawa a 1909 don tsibirin Tasmaniya. Nan injuna biyu ne daban, ɗaya a gaba ɗauke da tankin ruwa, ɗaya a baya ɗauke da makamashi da ƙarin ruwa, tukunya kuma tana rataye a tsakaninsu kamar gada. Babu ƙafa a ƙarƙashin murhu, saboda haka ana iya yin tukunya gajeriya mai kauri da murhu mai zurfi ko a kan siririn layi. Nauyi ya bazu a kan aksil masu yawa, yana kuma tafiya gaba da baya daidai. Aibinsa shi ne ruwa da makamashi suna cikin nauyin da ke danne ƙafafun ja. Suna ƙarewa, kamun dogo yana raguwa. Samfuri na 59 na Gabashin Afirka, guda 34 da aka kawo a tsakiyar shekarun 1950, nauyin kowanne tan 252, shi ya riƙa hawa da kaya daga Mombasa zuwa Nairobi a kan layin da faɗinsa mita ɗaya ne kacal.

Wanne ne mafi girma?

Ya danganta da ma'aunin da aka ɗauka, kuma masoya jiragen ƙasa ba su gama wannan gardama ba. Wanda aka fi ambata shi ne Big Boy na Union Pacific, 4-8-8-4, wanda kamfanin ALCO ya ƙera a Schenectady: guda 20 a 1941, ƙarin 5 a 1944. Tsawonsa da taragon guzurinsa, wato taragon da ke ɗauke masa kwal da ruwa, ya haura mita 40, nauyinsu tare ya kai wajen tan 540. An yi shi ne don aiki ɗaya: ya ja kaya tan 3,600 na awon Amurka daga garin Ogden na jihar Utah ya haye tsaunukan Wasatch, inda hanya take tashi mita 1.14 a kowace mita ɗari, ba tare da an ƙara masa wani kan jirgi ba, sannan ya yi gudu idan ya fita fili.

A ƙarfin doki, Allegheny 2-6-6-6 na kamfanin Chesapeake and Ohio na Amurka, wanda Lima ta ƙera guda 60 tsakanin 1941 da 1948, an auna masa 7,498 a ƙugiyar ja, inda ake ɗaura masa taragu. Abin takaici, yawancin rayuwarsa jan kwal ya yi a hankali, gudun da bai kai inda ƙarfin nasa yake fitowa ba. Idan kuwa yawa ake nufi, samfuri na 52 na Jamus ya haura 6,000, QJ na Sin ya haura 4,700.

Mafi gudu fa?

Mallard, samfurin A4 na Nigel Gresley: kilomita 203 a awa, ranar 3 ga Yuli 1938, yana gangarowa daga tudun Stoke a kudancin Grantham. A wannan gudu ƙafafunsa suna juyawa kusan sau tara a daƙiƙa. Bai kai Landan da jirgin ba a ranar, domin gindin sandar tuƙin silinda ta tsakiya ya yi zafi, aka cire shi a Peterborough. Shekara biyu kafin nan, a Mayun 1936, kan jirgin Jamus mai lamba 05 002 ya yi kilomita 200.4 tsakanin Hambug da Balin a kan hanya kusan shimfiɗaɗɗiya, kuma bai ji ciwo ba. Duk wanda ya ce wannan bajintar ba ta gaza ta Mallard ba, yana da hujja.

Abin da ke taƙaita gudu shi ne nauyin fistan da sanduna masu kai da komo. Ana sa dunƙulen ƙarfe a jikin ƙafa don daidaita su, amma dunƙulen da ya daidaita motsin gaba da baya shi ne kuma yake dukan dogo sama da ƙasa a kowane zagaye. Dukan yana ƙaruwa ninki huɗu idan gudu ya ninka biyu. Silinda uku ko huɗu suna rage wannan, sai dai ta tsakiya tana ɓoye a cikin firam inda gyara yake da wuya.

Nawa yake ci na kwal da ruwa?

Kilo ɗaya na kwal mai kyau yana mayar da ruwa kilo shida zuwa takwas tururi, shi ya sa ruwa ne ke fara ƙarewa. Taragon guzurin Big Boy na farko yana ɗaukar kwal tan 28 da ruwa galan 24,000, kimanin lita 91,000, kuma a hawan dutse yana iya cinye kwal wajen tan goma a awa. Babu ɗan Adam da zai iya wannan da shebur. Mai wuta ƙaƙƙarfa yana iya jure kusan tan ɗaya da rabi a awa idan aikin na dogon lokaci ne. Ragar murhun Big Boy ta kai murabba'in mita 14, don haka na'ura ce take ɗura masa: wani murɗaɗɗen ƙarfe yana jawo kwal daga tarago ta ƙarƙashin ɗakin direba, tururi kuma ya watsa shi ko'ina a kan raga. Mai wuta sai ya koma mai murɗa bawul yana duba launin hayaƙi. Baƙi ƙirin alama ce ta kwal ya fi iska yawa, asara ce. Toka-toka mai haske ake so.

Wasu sun koma ƙona baƙin mai. Southern Pacific ta Amurka ta yi amfani da wannan dama ta juya kan jirginta baya ya koma gaba, ɗakin direba a goshi, saboda hayaƙi yana shaƙe ma'aikata a dogayen ramukan tsaunukan Sierra Nevada. Da kwal hakan ba zai yiwu ba, tunda murhu ya yi nisa da tarago, amma mai ta bututu yake bi.

Matsalar ruwa an bi ta ta hanyoyi dabam-dabam. A Ingila da wasu layukan Amurka an shimfiɗa dogayen kwatamai na ruwa tsakanin dogo, jirgi yana gudu a sauke ludayin ƙarfe ya kwasa. Da wannan dabara aka fara tafiyar Landan zuwa Edinbara ba tsayawa a 1928, kilomita 630 da 'yan kai, ma'aikata suna canjin aiki ta wata siririyar hanya da aka ratsa cikin tarago. A Afirka ta Kudu, inda layi ya ratsa busasshen yankin Karoo, an kawo samfuri na 25 guda 90 a shekarun 1950, masu dogon tarago da fankoki da ke sanyaya tururi ya koma ruwa a sake amfani da shi.

Yaya ake shigar da ruwa cikin tukunyar da ke cike da matsi?

Da injekta, ƙirƙirar Henri Giffard ta 1858, wadda ba ta da wani abu mai juyawa. Ana sakin tururin tukunyar ta cikin mazurari, ya fita da matsanancin gudu, ya haɗu da ruwan sanyi ya narke a cikinsa, ya ba shi gudun. Mazurari na gaba yana faɗaɗa, gudun ya koma matsi wanda ya fi na tukunya, ruwa ya ture bawul ya shiga. Idan ruwan tarago ya yi ɗumi, ko iska tana shiga bututun zuƙa, ko ɓawo ya toshe mazurari, injekta takan ƙi kamawa ta riƙa zubar da ruwa ƙasa. Doka ce a samu hanyoyin shigar da ruwa biyu masu zaman kansu.

Yaya ake tayar da shi daga sanyi?

A hankali. Farko a tabbatar da ruwa a gilashin awo, a buɗe famfunan gwaji a ga cewa gilashin ba ƙarya yake yi ba. A leƙa murhu ko akwai yoyo a bakin bututai ko a kan ƙusoshin riƙo, masu riƙe bangon murhu da rufinsa, a duba bakan bulo da ke cikin murhun, a kwashe toka, a rufe ƙofar ɗakin hayaƙi gam, domin ko ƙaramar kafa tana kashe zuƙar iska. A tabbatar totur a rufe yake, liba, wato sandar da ke zaɓar gaba ko baya, tana tsakiya, birki a ɗaure, famfunan zubar da ruwan silinda a buɗe. Sannan a kunna ƙaramar wuta da itace da tsumma mai mai, a riƙa ƙara kwal kaɗan kaɗan.

Babbar tukunya takan ɗauki awoyi da yawa, masu kula da na tarihi ma sukan fara ɗumama ta tun jiya. Dalili shi ne murhu yana zafi kafin gangar tukunya, ƙarfe kuma yana miƙewa da zafi; idan aka gaggauta, ƙusoshin riƙo sukan karye, bakin bututai su fara yoyo. Wannan ne ya sa a loko ba a cika kashe wutar kan jirgi tsakanin aiki da aiki ba, sai a tara ta gefe a bar wani yana gadinta. Kafin fita a bi kowace gaɓa da mai da giris, a gwada injekta biyun, birki, yashi da usur, a kuma ga bawul ɗin kariya ya buɗe daidai jan layin geji.

Me direba yake sarrafawa, tunda babu sitiyari?

Totur, liba da birki. Libar ita ce gwaninta. Ba gaba da baya kaɗai take zaɓa ba, ita ke yanke tsawon lokacin da tururi zai shiga silinda a kowace tafiyar fistan, ta hanyar sandunan bawul, waɗanda mafi yaɗuwarsu tsarin Egide Walschaerts ne na Beljiyam, na 1844. Wajen tashi ana barin tururi ya shiga har kashi 75 cikin ɗari na tafiyar ko fiye. Jirgi yana samun gudu ana jawo libar baya, har a kai kashi 15 zuwa 25, ragowar tafiyar tururin ya ƙarasa ta da kumburinsa. Direban da ya bar liba a gaba yana gudu zai yage wutar, ya ƙarar da tururi, ya kuma ja wa kansa baƙin jini wurin mai wuta.

Ana tashi da famfunan silinda a buɗe, shi ne farin tururin da ake gani yana fita ta gefe. Ruwan da ya taru a silinda ba ya matsuwa. Idan fistan ya same shi, murfin silinda ne zai fashe ko sanda ta lanƙwashe. Idan ƙafafu suka zame, a rufe totur tukuna, su tsaya da juyawa, sannan a sa yashi. Zuba yashi suna cikin juyawa yakan sa su kama farat ɗaya, sanduna su tafi.

Me ke sa tukunya ta fashe?

Kusan kullum ƙarancin ruwa ne, ba yawan matsi ba. Rufin murhu shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne da ɗaruruwan ƙusoshin riƙo suke riƙe da shi, kuma ruwan da ke kansa ne kaɗai yake hana shi laushi. Idan ruwa ya sauka ya bar shi a buɗe, cikin 'yan mintoci yakan yi ja, ya saɓule daga ƙusoshin, ya rufto. Matsi yana faɗuwa, tan-tan na ruwa mai digiri 200 da wani abu ya koma tururi nan take, tururi kuma a sarari yana cin wuri kusan ninki 1,700 na ruwansa. Ƙarfin yakan tumɓuke tukunyar daga firam ya yi jifa da ita. Haka ta faru da wani Allegheny mai lamba 1642 kusa da garin Hinton na Amurka a Yunin 1953, ma'aikata uku suka rasu.

Hawa da gangara suna yaudara. Jirgi yana hawa, ruwa yakan taru a baya, gilashi ya nuna a cike. Yana kaiwa ƙoli ya fara gangara, ruwan ya kwarara gaba ya bar rufin murhu. Taka birki da ƙarfi ma haka yake yi. A doguwar tukunya bambancin yana da yawa, don haka mai wuta dole ya san hanyar kamar tafin hannunsa. A ƙasashe da dama ana ɗaura wasu matosai masu cikin dalma a rufin murhu, waɗanda ke narkewa su feso tururi. Gargaɗi ne kawai, ba sa kashe babbar wuta. Suna narkewa a kunna injekta biyun a zubar da wutar.

Waɗanne matsaloli ne na yau da kullum?

Ruwa marar kyau shi ne na ɗaya. Gishirin da ke cikinsa yana kwantawa a jikin murhu da bututai ya zama ɓawo, ɓawon ya hana zafi wucewa, ƙarfen ya ƙone. Idan gishirin ya yi kauri, ruwa yakan yi kumfa ya bi tururi zuwa silinda, ya wanke mai. Magani shi ne sa sinadari a ruwa, buɗe famfon ƙasa lokaci-lokaci a zubar da laka, da wanke tukunya a kai a kai. Kwal marar kyau kuma tokarsa takan narke ta dunƙule a kan raga ta toshe iska, sai an sa dogon ƙarfe an farfasa. Gindin aksil yakan yi zafi idan mai ya yanke, abin da ya ragu bayan 1930 da kamfanin Timken ya nuna amfanin boris a wani kan jirgi na gwaji. Akwai kuma dawowar wuta cikin ɗakin direba idan an rufe totur ko an shiga rami ba a kunna mahurin tururi mai zuƙe wutar zuwa bututun hayaƙi ba. Ta ƙona mutane da yawa.

Me ya sa aka daina amfani da su?

Daga zafin kwal, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari ne kawai yake isa ƙugiyar ja a yawancinsu, na dizal kuwa ya ninka haka sau uku ko huɗu. Amma ba makamashi ne ya fi kashe su ba, yawan hannu ne. Kowane kan jirgi sai da direbansa da mai wutarsa, ga masu kwasar toka, masu wanke tukunya, maƙera, tankunan ruwa da rumbunan kwal a kan hanya, da faifan juya kan jirgi. Dizal huɗu direba ɗaya ke tuƙa su, kuma suna ba da cikakken ja tun daga tsaye. General Motors ta zaga Amurka da samfurin FT a 1939 ta nuna haka, zuwa 1960 manyan layukan ƙasar sun gama da tururi. Hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ƙera nata na ƙarshe, Evening Star, a 1960, ta daina a Agustan 1968. Jamus ta Yamma ta daina a 1977. Sin ta ci gaba da ƙera QJ a Datong har 1988, layin Jitong kuma ya yi aiki da su har ƙarshen 2005.

Akwai waɗanda ke aiki har yanzu?

Akwai, a matsayin kayan tarihi. Big Boy takwas suka rage; mai lamba 4014 Union Pacific ta farfaɗo da shi a 2019, ta mayar da shi mai ƙona mai. Mallard yana gidan tarihin jiragen ƙasa na York, ba ya tafiya. A Ingila an ƙera sabo fil, Tornado, aka gama a 2008, ya taɓa kilomita 160 a awa a 2017. Abin da ya fi cin kuɗi wajen riƙe su shi ne tukunya: a Amurka doka ta ce bayan kwanakin aiki 1,472 ko shekara 15, duk wanda ya riga zuwa, sai an zare bututai an auna kaurin kowane sashe, a Birtaniya kuwa bayan shekara goma ake wannan babban bincike. Kafin a sake hura wuta, ana cika tukunyar da ruwa a matsa shi da famfo har ya wuce matsin aiki, a Amurka da kashi 25 cikin ɗari, domin idan akwai rauni ya bayyana da ɗigon ruwa, ba da tururi ba.